Jakunan Devon da Jakunan Maigatari: Yadda Ake Auna Ƙungiyar Ceton Dabbobi

A shekarar 2008 wata cibiyar bincike da ke Landan, New Philanthropy Capital, ta fitar da wani lissafi da ya tayar da ƙura a jaridun Ingila. Lissafin ya nuna cewa a 2006 ƙungiya guda mai kula da jakuna, Donkey Sanctuary, ta samu kusan fam miliyan 20, alhali manyan ƙungiyoyi uku masu taimakon matan da ake ci wa zarafi a gida sun tashi da fam miliyan 17 ne kacal in an haɗa su duka. Aka yi ta cacar baki a kan jaki da ɗan Adam, wa ya fi cancanta. Wannan muhawara ba ta kai kowa ko'ina ba, domin mai dukiya shi ke zaɓar inda zai kai sadakarsa. Akwai wata tambaya da ta fi ta amfani, kuma ita ce ba a cika yi ba: kuɗin da aka bayar da sunan jakuna, sun yi wa jakuna aiki daidai yawansu?

Ƙungiyar ta faro ne daga wata mata mai suna Elisabeth Svendsen, wadda ke riƙe da otal a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ta sayi jakarta ta farko a 1969, ta ga halin da wasu jakuna ke ciki a kasuwar Exeter, sai ta shiga sayen waɗanda suka fi galabaita. An yi wa ƙungiyar rajista a 1973. Shekara guda bayan haka wata dattijuwa ta rasu ta bar mata wasiyyar jakuna 204 rigis, abin da ya tilasta mata neman gona a kusa da garin Sidmouth, inda hedikwatar take har yau. Svendsen ta rasu a 2011. A 'yan shekarun nan abin da ke shiga asusun ƙungiyar ya haura fam miliyan 40 a shekara, tana kuma ɗauke da nauyin jakuna da alfadarai sama da 7,000 a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, wasu a gonakinta, wasu a hannun mutanen da ta ba riƙo.

Duk mai son auna ƙungiya irin wannan, ya fara da inda kuɗin ke fitowa kafin ya dubi inda suke tafiya. Fiye da rabin abin da Donkey Sanctuary ke samu daga wasiyya yake zuwa. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, saura na magada ne. A dokar Ingila kuwa mutum na iya barin gidansa da ajiyarsa ta banki kacokan ga ƙungiyar jakuna, sai dai in wani na jikinsa ya kai ƙara kotu. Wannan hanyar samu tana da fuska biyu. Kuɗi ne masu kauri, kuma yawanci ba a ɗaura musu sharaɗi, amintattun da ke jagorantar ƙungiyar na iya juya su yadda suka ga ya dace. Amma mai wasiyya ya riga ya kwanta dama, ba zai dawo ya ce a nuna masa rasit ba. Ƙungiyar da ke rayuwa da tallafin gwamnati ko na wata gidauniya tana da mai tsare ta da tambaya duk wata uku ko shida. Wadda ke rayuwa da wasiyya ba ta da mai matsa mata sai amintattunta, saboda haka ingancin waɗannan amintattu, da ko suna iya ce wa shugaban ma'aikata a'a, ya fi muhimmanci a nan fiye da ko'ina. Ga kuma rashin tabbas: yawancin wasiyyar gida ne ake sayarwa, in farashin gidaje ya faɗi, ko kotun rabon gado ta yi jinkiri, sai kasafin shekara ya girgiza.

Takardun kansu ba a ɓoye suke ba. A Ingila da Wales akwai hukuma mai kula da ƙungiyoyin agaji, Charity Commission, kuma duk ƙungiyar da samunta ya wuce fam 25,000 a shekara dole ta miƙa mata rahoto da lissafi, a ɗora a intanet kowa ya gani kyauta. Manya irin wannan sai odita mai zaman kansa ya bi littattafansu. A Amurka takardar haraji mai lamba 990 ce ke yin wannan aiki, har da albashin manyan ma'aikata a ciki. Sai dai a san iyakar sa hannun odita. Abin da yake shaidawa shi ne lambobin da aka rubuta sun yi daidai da abin da ya shiga da abin da ya fita. Ba ya shaida cewa wani jaki ya warke. Ƙungiya na iya samun takarda tas daga odita shekara ashirin a jere tana ɓarnar kuɗi a kan aikin da ba shi da amfani, muddin ta ajiye rasit.

Mafi yawan masu bayarwa lamba ɗaya suke nema: daga kowace naira ko fam, nawa ya tafi ga dabbobi, nawa ya tafi ofis da albashi da talla? Wanda kuɗin ofishinsa ya fi ƙanƙanta shi ne gwani. Ni wannan ma'auni ban yarda da shi ba, sai dai a matsayin ƙararrawa. In ka ga ƙungiya na kashe kashi 70 cikin ɗari wajen neman kuɗi, to da walakin. Amma tsakanin mai kashe 15 da mai kashe 25, lambar ba ta gaya maka komai. Ko a rabon zakka, aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware kaso ga masu aikin tattara ta, domin tattarawa da lissafi aiki ne mai cin kuɗi. Ƙungiyar da ba ta biyan ƙwararren akanta, ba ta da mai zagayawa ya duba ko maganin da aka saya ya isa ƙauye, za ta fito da lamba mai kyau a takarda, kuma ita ce aka fi yi wa sata. A 2013 manyan cibiyoyi uku da ke tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka, GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun rubuta wa masu bayarwa buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a daina yanke hukunci da wannan lamba ita kaɗai, bayan wasunsu sun daɗe suna yayata ta.

Lambar ma tana lanƙwasuwa. Tsarin lissafi a Amurka ya yarda, bisa wasu sharuɗɗa, a ɗauki wasiƙar roƙon kuɗi a saka mata saƙon faɗakarwa kan kula da dabbobi, sannan a rubuta wani kaso na kuɗin buga ta da aika ta a ƙarƙashin "wayar da kai", wato aikin ƙungiya, maimakon neman kuɗi. Wannan ba ya fitowa a hoton da'ira mai launi da ake sakawa a shafin farko na rahoto. Yana can baya, cikin bayanan da ke bin lissafi, inda ake faɗin yadda aka rarraba kuɗin ofis a kan sassa. Nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokacinsa. A Birtaniya, a nan kuma ake ganin ma'aikata nawa ke karɓar sama da fam 60,000 a shekara, da ko an yi ciniki da kamfanin wani daga cikin amintattu. Yadda ake neman kuɗin shi ma abin dubawa ne: a ƙarshen 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci tarar RSPCA, tsohuwar ƙungiyar kare dabbobi da aka kafa tun 1824, fam 25,000 saboda binciken da ta yi a asirce kan arzikin masu ba ta gudummawa.

Sai batun ajiya, kuma nan ne mutane suka fi yi wa masu mafakar dabbobi gurguwar fahimta. A kan ga miliyoyi a ajiye a ce, ga kuɗi zaune, me ya sa suke ta roƙo? Amsar tana cikin tsawon ran jaki. Jakin da ke samun kulawa yana kai shekara talatin, wani har arba'in. Ranar da ƙungiya ta karɓi jaki ɗan shekara biyar ta yi masa alkawarin riƙo har mutuwa, ta ci bashin shekara talatin ke nan, kuma bashi ne da ba ya fitowa a takardar lissafi. Duk wata ɗaya da rabi zuwa biyu sai an gyara masa kofato, domin ƙasar Ingila mai laima ce, kofaton jaki kuwa na busasshiyar ƙasa ne, yana jiƙa yana ruɓewa. Sai an duba haƙoransa duk shekara. Gashinsa ba ya tare ruwan sama kamar na doki, saboda haka dole a gina masa rumfa. Ciyawar can ma ta fi ƙarfin cikinsa, sai an riƙa auna masa ita ana cika masa da karan sha'ir, in ba haka ba ƙiba ta kama shi ta jawo ciwon kofato. In ya tsufa haƙora suka zube, a koma yankakken abinci mai laushi. Ninka wannan sau dubbai. Ajiyar da za ta riƙe garke irin wannan na wasu watanni in kuɗi suka yanke ba rowa ba ce. Abin tambaya shi ne ko amintattu sun rubuta dalilin yawan ajiyar, ko sun tsaya a kan abin da suka rubuta, da kuma nawa ne daga ciki kuɗi a hannu, nawa ne gona da gini waɗanda ba sa sayen harawa.

Nauyin ya nuna kansa a 2024, lokacin da Donkey Sanctuary ta sanar da rufe cibiyoyinta huɗu a Manchesta da Birmingham da Leeds da Ivybridge saboda tsadar gudanarwa. Jakunan ba a sallame su ba, an mayar da su wasu gonakin ne. Ma'aikata ake ragewa, shirye-shirye ake yankewa, amma bakin da ke cin abinci yana nan. Abin da ke da sauƙin yankewa a irin wannan lokaci shi ne aikin da ba a yi wa kowa alkawarinsa har abada ba, kuma aikin ƙasashen waje yana cikin wannan sahu.

Alƙaluman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna jakunan duniya sun kai wajen miliyan 50, Habasha ce kan gaba da kusan miliyan 10, ga Sudan da Chadi da Nijar da Pakistan a sahun farko. Jakuna 7,000 a cikin miliyan 50, kusan ɗaya ke nan a cikin kowane dubu bakwai. Sauran suna ɗaukar yashi da itace da taki da jarkokin ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da jakin ɗiban yashi lokacin da aka sauke masa mangala da yamma ya san abin da ake magana a kai. A ɗaga akumari, sai ga miki a gadon baya, gashin wurin ya tafi, gefen ya yi fari saboda tsohon tabo, ƙudaje sun taru. Mai jakin ya shafa masa baƙin mai ko toka, gobe da asuba a mayar da akumarin a kan mikin, domin in jakin ya huta gidan ba a ɗora tukunya. Igiyar dabaibayi ta ci ƙafa. Jaki kuma dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ya shure-shure kamar doki, sai dai ka ga ya sunkuyar da kai ya ƙi cin dusa, lokacin kuwa abu ya yi nisa. Maganin wannan ba ya buƙatar asibiti mai ɗakin tiyata. Akumari ne mai laushi da aka ɗinka da rami daidai ƙashin baya, da dabaibayi na tsumma maimakon igiyar leda, da mai gyaran kofato da ya koyi aikin, da ma'aikacin dabbobi a kasuwa wanda ke da maganin kashe zafi a jakarsa. Kuɗin riƙon jaki ɗaya a Devon na shekara guda zai ɗinka akumari masu yawan gaske.

Wannan hanya ita ƙungiyoyin Brooke da SPANA suka fi bi. Dorothy Brooke ta buɗe asibitin tsofaffin dawakin yaƙi a Alƙahira a 1934, SPANA kuwa Kate Hosali da 'yarta Nina suka kafa ta a 1923 bayan abin da suka gani a arewacin Afirka. Ba sa tara dabbobi a gona, suna bin su inda suke aiki. Donkey Sanctuary ma tana da irin wannan aiki a Habasha da Meziko da wasu wurare, sai dai kaso mafi girma na kuɗinta a gida yake ƙarewa.

To amma kada a yi saurin tafa wa masu aikin waje, domin lambobinsu sun fi na kowa santsi. Rahoto zai ce "mun kai ga dabbobi miliyan kaza". Mene ne kaiwa? Jakin da aka yi wa ɗinki an kai gare shi. Jakin da mai shi ya saurari shirin rediyo shi ma, a wasu lissafan, an kai gare shi. In an yi wa jaki ɗaya allura sau uku, wani lissafin uku zai rubuta. Abin da ya kamata a nema shi ne awo kafin aiki da awo bayan aiki: a cikin jakuna ɗari na wannan kasuwa, nawa ke da miki a bara, nawa ke da shi bana, kuma wa ya ƙirga? In ma'aikacin da albashinsa ya dogara da sakamakon ne ya ƙirga, a rage wa lambar daraja. Akwai kuma tambayar abin da ke faruwa bayan motar ƙungiya ta daina zuwa. Magani kyauta yana da daɗi, amma yakan kashe kasuwar ɗan ƙaramin mai sayar da maganin dabbobi na garin, ranar da tallafi ya ƙare a wayi gari ba kyauta ba na saye. Shi ya sa Brooke ta karkata daga yin magani da kanta zuwa horar da masu sana'ar da ke wurin.

Gidajen karnuka da kyanwoyi a Amurka suna da irin wannan lamba mai ruɗi. Gidan da kashi 90 cikin ɗari na dabbobinsa ke fita da rai ana yi masa kirari da cewa ba ya kisa. Hanya mafi sauƙi ta kai wa 90 ita ce a ƙi karɓar tsoho da maras lafiya da mai cizo, a tura su gidan hukuma da doka ta hana shi mayar da kowa. Sai na farko ya kwashi yabo da gudummawa, na biyu ya kwashi zagi. Lambar fita ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da dokar shiga.

Aikin da nake ganin ya fi kowane tasiri a tarihin Donkey Sanctuary ba a gona aka yi shi ba. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da ake kira ejiao, ana sayar da shi a matsayin maganin gargajiya mai tsada. Jakunan Sin sun ragu daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, ba ta iya cike gurbin yankan masana'anta. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna bayan hukumomi sun ce an fitar da kusan 80,000 a cikin shekarar, alhali a 2015 duka 27,000 ne. Burkina Faso ma ta hana a shekarar. A Najeriya kowa ya san manyan motocin da ke lodin jakuna daga kasuwanni irin su Maigatari zuwa kudu, har Ezzamgbo a jihar Ebonyi, kuma kwastan sun sha kama buhunan fata. Farashi ya tashi har talakan da aka sace wa jaki ba ya iya sayen wani. Donkey Sanctuary ta fitar da rahotonta na farko kan wannan fatauci a 2017, daga baya ta ƙiyasta cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 duk shekara saboda fata. An yi taron jakuna na nahiyar a Darussalam ta Tanzaniya a ƙarshen 2022, sannan a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jakuna domin fata.

Kuɗin masu bincike da lauyoyi da tikitin jirgi da aka kashe a wannan fafutika ƙalilan ne in aka gwada da kuɗin ciyar da garke, kuma shi ne irin kuɗin da mai neman lambar "nawa ya tafi ga dabbobi" zai harara. Sai dai auna shi da wuya. Brooke ta yi aiki a kai, ofishin dabbobi na Tarayyar ya yi, gwamnatoci irin ta Nijar sun riga kowa, manoma da mata masu ɗiban ruwa a Kenya sun yi zanga-zanga. Kowace ƙungiya za ta rubuta nasarar a rahotonta kamar ita kaɗai ta yi. Ƙiyasin miliyan 5.9 ma daga mai fafutika ya fito, an gina shi ne a kan lissafin yawan abin da masana'antu ke sarrafawa, ba wanda ya tsaya ya ƙirga fatu, don haka a riƙe shi a matsayin ƙiyasi. Kuma doka a takarda daban, aiki da ita daban: Kenya ta rufe mayankan jakunanta a 2020, kotu ta soke umarnin a 2021.

Masu kare tsarin Donkey Sanctuary suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Gonar Sidmouth kyauta ake shiga. Tsohuwar da ta je ta shafa kan jaki, ta riƙa biyan ɗan kuɗi duk wata da sunan ta ɗauki nauyinsa, ita ce bayan shekara ashirin za ta bar gidanta a wasiyya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A rufe gonar a ce za a kai kuɗin Sahel, wataƙila kuɗin ma ba za su zo ba. Ilimin likitancin jaki da ake koyar da ɗalibai a ƙasashe da dama shi ma wani kaso mai yawa daga wannan garke aka tara shi. Na yarda da wannan har zuwa wani matsayi. Hujjar tana kare wanzuwar gona, ba ta kare girmanta. Jakuna ɗari biyar sun isa su jawo baƙi su kuma koyar da likitoci. Abin da zan bi a rahotannin shekaru biyar a jere shi ne ko yawan jakunan da ke zaune a gonaki yana raguwa, ko na hannun masu riƙo yana ƙaruwa, ko ana taimakon mai jaki ya gyara riƙonsa kafin a kai ga karɓewa, da ko kason da ke fita waje yana hawa ko sauka. Shekara ɗaya ba ta nuna alkibla, domin wasiyya guda mai kauri na iya gyara fuskar lissafin gaba ɗaya.

Ƙananan masu ceto da ke neman taimako a Facebook da TikTok ba su da odita, kuma ba adalci ba ne a nemi rahoto mai shafi tamanin daga mutumin da ke jinyar kyanwoyi a bayan gidansa. Amma akwai abin da ko shi zai iya nunawa. A Najeriya ƙungiya na yin rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe asusu da sunanta, ba da sunan mutum ɗaya ba. A nemi sunan likitan dabbobin da suke aiki da shi, a nemi rasit, a nemi ganin dabbar nan da aka nuna cikin jini bayan wata uku. A lura in dabba ɗaya ce ke ta faɗawa haɗari iri-iri, ko kuma kullum mai ɗaukar hoto na isowa daidai lokacin da maciji ya naɗe ɗan kwikwiyo. Shirya irin wannan ceto na bogi ya yi yawa har YouTube ta haramta shi a 2021, kuma bai daina ba. Wanda ke aikin gaskiya yakan faɗi nawa suka mutu a hannunsa, yakan kuma faɗi adadin da ba zai wuce ba, domin mai karɓar kowace dabba ba tare da iyaka ba, nan da shekara biyu shi za a zo a ceci dabbobi daga gidansa.